Lambu a Kan Dutse: Darasi Daga Duwatsun Kazaure da Roni

Matafiyin da ya taso daga Kano ya nufi Daura, da zarar ya wuce Dambatta ya doshi Kazaure zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗiyar karkarar da ya baro sai ta soma tashi tana sauka, duwatsu su bayyana, waɗansu a jere kamar an ja layi, waɗansu a cure wuri guda. In ya ratse yamma ya bi ta Roni da Gwiwa, duwatsun nan ba za su rabu da shi ba. In kuwa gabas ya yi, ya nufi Babura, sai dutse ya ɓace, rairayi ya karɓe shi har iyakar Nijar. Tarihi ya san amfanin waɗannan duwatsu, domin a cikinsu Ɗantunku ya kafa mulkinsa a 1819, kuma sun zame masa garkuwa a gwagwarmayarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo.

A yau kuwa yawancin mutane ba su ɗauki dutse a bakin komai ba, in ban da wurin kiwon awaki da saran itacen girki da fasa tsakuwar gini. In aka tashi ƙawata shi, sai a sayo dashen darbejiya ko na turare, a jera a kan gangare ranar gangamin dashen itatuwa, a yi jawabai, a watse. Kafin bazara ta zagayo akasarin dashen ya bushe, sai a ce ai dama dutse ba ya riƙe itace. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Dutse yana da itatuwansa, kuma waɗansu daga cikinsu sun fi waɗanda ake sayowa kyan gani nesa ba kusa ba. Abin da ake bukata shi ne a san wane ne ke zama a ina, da dalilin zamansa a can.

Asalin duwatsun

Duwatsun Kazaure da Roni wani yanki ne na tsohon harsashin nahiyar Afirka, wanda shekarunsa suka haura miliyan 540. Da yawa daga cikin dogayen jerin nan asalinsu rairayi ne da ya taru ya daskare, daga baya zafi da matsi na cikin ƙasa suka gasa shi ya zama dutse mai tsananin tauri, wanda masana ke kira kwazait. Duwatsun da ke kewaye da shi sun fi shi laushi, don haka ruwa da iska suka cinye su a hankali, suka bar shi a tsaye. Wato dutsen da ake gani ba tsirowa ya yi ba, ƙasar da ke gefensa ce ta zaizaye ta bar shi. A gabas kuma, wajen Babura, harsashin ya nutse ƙarƙashin yashi da lakar da suka cika kwarin Tafkin Chadi, iska ta zo ta tara jigayi a kai. Daga irin waɗannan jigayi ne jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samo sunanta.

Wannan bayani yana da amfani ga mai shuka. Kwazait ba ya ruɓewa da sauri, in ma ya ruɓe tsakuwa da yashi yake bayarwa, ba ƙasa mai taki ba. Saboda haka 'yar ƙasar da ke kan dutsen, wadda sau da yawa kaurinta bai fi taƙi ɗaya ba, ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa daga ruɓaɓɓen ganye da garin dutse da ƙurar hunturu. Ita wannan ƙura, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, mutane na ganinta a matsayin fitina, amma ga tsiron kan dutse taki ce da ke sauka kyauta kowace shekara, muddin akwai ciyawa da ganyen da za su tare ta.

Lissafin ruwa

Kafin a yi maganar itace, ya kamata ɗalibi ya ɗauki alkalami. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. A wannan yanki ruwan shekara yakan kama tsakanin milimita 600 da 800 a mafi yawan shekaru, yana raguwa in an nufi arewa. A ɗauka an sami milimita 700. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, ke nan lita miliyan 7 ta sauka a kanta, wato cikin duro 35,000 na mai lita 200. Ashe dutse ba ya rashin ruwa. Matsalarsa ita ce ruwan ba ya tsayawa, kuma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba.

Ruwan da ke gangarowa yana ƙara gudu, kuma ƙarfinsa ba daidai da gudunsa yake ƙaruwa ba. In gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Shi ya sa gangaren da aka sare wa itatuwa aka ƙone masa ciyawa kan rasa a damina biyu ko uku ƙasar da kakannin kakanni ba su ga farkon taruwarta ba. Ƙasar nan kuma ba ɓacewa take yi ba. Tana bin ƙoramu ta kwanta a gonakin da ke ƙasa, ko ta shige madatsun ruwa, irin ta Muhammadu Ayuba da ke Kazaure, ɗaya daga cikin waɗanda aka gina a shekarun 1970 lokacin da yankin ke cikin tsohuwar Jihar Kano. Duk kwandon laka da ya kwanta a gindin madatsa ya kore ruwa daidai girmansa. Mai saran geza a kan dutse da mai noman rani a bakin dam ba lalle su san juna ba, amma aikin ɗaya yana shiga gonar ɗaya.

Mazauna ƙololuwa

In aka hau dutse da idon basira za a ga ba wuri ɗaya ba ne. A can sama, inda fa ya fito fili kuma ƙasa sai a cikin tsaga, mazaunan kaɗan ne, amma kowannensu gwani ne.

Na farko dangin ɓaure ne, musamman kawuri. Tsuntsu ko jemage ya ci 'ya'yan, ya yi kashi a kan dutse, ƙwayar irin da ba ta kai ta gero ba ta faɗa cikin tsaga ta tsiro. Shekarun farko ba a ganin wani girma a sama, domin duk aikin a ƙasa ake yinsa: saiwa tana bin tsagar tana neman laima, wani lokaci ta malalo a kan fuskar dutse kamar narkakkiyar kitse har ta sami wata kafar. Yayin da take kauri tana matsa tsagar tana buɗa ta, ganyen da ya kaɗe yana cika ta, a haka itacen ke ƙera wa kansa ƙasar da zai zauna. Kowane yaro ya san in an ɓare ɓaure ba a rasa ƙananan ƙwari a ciki. Waɗannan ƙwari ba ɓarna suke yi ba, su ne ke kai garin fure daga wani itace zuwa wani, domin furen ɓaure a cikin ɗan yake a ɓoye, kuma kusan kowane irin ɓaure da nasa irin ƙwaron. Ba don su ba da ba a sami iri ba.

Sai ararrabi, wanda waɗansu ke kira hano. Ana gane shi da ɓawonsa mai haske da ke saɓulewa kamar takarda. Sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, an sa masa shi ne don tunawa da J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916. Ɗan'uwa ne na kusa ga itacen da ke ba da lubban a Oman da Yaman da Somaliya, shi ma ƙaronsa na da ƙanshi in an ƙona. Kusa da shi akan sami dashi, ɗan gajere mai ƙaya, dangin itacen da ake samun mur daga gare shi, da kuma kukuki mai kaurin jiki da faffaɗan ganye.

Dabarar waɗannan uku iri ɗaya ce. Ganye shi ne ƙofar da itace ke asarar ruwa ta cikinta, saboda haka da damina ta ɗauke sai su zubar da shi gaba ɗaya, su rayu da ruwan da suka adana a jiki. In aka kankare fatar dashi da farce za a ga kore a ƙarƙashi. Wannan koren yana ba shi damar haɗa ɗan abinci da hasken rana ko da babu ganye ko ɗaya a kansa. Wanda bai sani ba ya gan su a watan Maris sai ya ce sun mutu, ya sa gatari, alhali kuwa barci suke yi.

Gangare da gindi

Ƙasa da ƙololuwa, inda tsakuwa da marmara suka haɗu da 'yar ƙasa, nan ne mulkin ƙananan itatuwa. Geza ce sarauniyarsu. Ba ta da kwarjini, ba a zama a inuwarta, amma rassanta da yawa ne daga tushe, suna tare ganye da ƙura da ƙasar da ruwa ya kwaso, kuma in damina ta ƙare ganyenta yakan rine ya yi ja-ja kamar tsatsa, ya ba gangaren wani launi da ba a samu a lambun birni. Tare da ita akwai taramniya da jirga da gauɗe da faru, sai sabara da kalgo inda yashi ya fi yawa, da daƙwara mai ba da ƙaro. Tsakaninsu kuma gamba ce, wadda tushenta ke riƙe ƙasa fiye da yadda ake zato. A gaskiya in ana maganar hana zaizaya, ciyawa da ƙananan itatuwa sun fi manyan bishiyoyi aiki, domin su ne ke daf da ƙasa inda ruwan ke gudu.

A gindin dutse kuwa labari ya sauya. Duk abin da sama ta rasa nan yake taruwa: ƙasa mai zurfi, da ruwan da ya nutse ta tsagogi yana tsattsafowa a hankali har cikin rani. Nan ne wurin manya, wato tsamiya da kuka da marke da kanya da ɗinya da maɗaci da gamji, in kuma akwai fadama a sami giyayya. Gawo ma nan ne wurinsa, shi da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, sabanin sauran itatuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki itacen gindi a kai shi ƙololuwa. Maɗacin da zai yi shekara ɗari a ƙasa ba zai ga bazara biyu a kan fa ba, kome yawan ban ruwa.

Akwai kuma bambanci tsakanin fuskokin dutse guda. Kazaure tana wajen digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. A watan Disamba rana takan karkata kudu da kimanin digiri 36 da tsakar rana, don haka a tsawon rani fuskar kudu ta fi shan zafi, ta yamma kuma tana karɓar ranar la'asar bayan dutsen ya riga ya gasu. Fuskar arewa ta fi sanyi, sai dai ita ke fuskantar busasshiyar iskar hunturu. Ta gabas ita hadari ke duka, abin da maginan gargajiya suka daɗe da sani, shi ya sa suke ƙara kula da bangon gabas. Ɗalibin da ya zagaya dutse ɗaya yana ƙidaya itatuwan kowace fuska zai ga wannan bambanci da idonsa.

Furen rani

Ga mai son ƙawa, babban abin sha'awa game da itatuwan ƙasar nan shi ne da yawansu da rani suke fure, lokacin da ba su da ganye, kuma lokacin da duk karkara ta yi fari fat. Hikimar a bayyane take. Furen da babu ganye a kewaye da shi ƙudan zuma da tsuntsaye sun fi saurin ganinsa, sa'an nan irin zai nuna ya faɗi daf da saukar ruwan farko.

Kariya ita ce kan gaba. Gajeruwa ce mai kumburarren gindi inda take ajiye ruwa, furenta ja mai haske zuwa ruwan hoda. A Turai da Asiya ana sayar da ita a tukwane da tsada, Tailan ma ta yi suna wajen fitar da sababbin launukanta, alhali a nan ta zama abin shingen da ba a waiwaya. Gurjiya takan yi manyan furanni ja ko ruwan goro a kan rassa tsirara cikin hunturu. Minjiriya na fitar da jan fure a tsaye kamar harshen wuta. Sansami yakan lulluɓe da fure mai ruwan hoda da ƙanshi kafin sabon ganye, marga kuma ta sako dogayen zangarnun rawaya suna reto cikin zafin bazara. A ƙasa, bayan an yi gobarar daji, rawaya takan ɓullo da furenta daga cikin toka ba tare da kara ba, ita ce wadda ake samun launin rini daga saiwarta. In aka haɗa da kabar giwa a tsakanin duwatsu, da gauɗe da lalle saboda ƙanshi, za a iya tsara gangaren da ba zai rasa fure ba tun daga Nuwamba har Mayu, ba tare da an ɗora masa ko bokiti ɗaya na ruwa ba bayan ya kafu.

Wajibi ne malamai su yi gargaɗi a nan. Ruwan jikin kariya guba ne, mafarauta sun yi amfani da shi a dafin kibiya. Farin ruwan tinya da na ƙerana yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa, na aguwa ma ba abin wasa ba ne. Irin waɗannan a dasa su nesa da hanya da wurin zaman yara, kuma duk wanda ya yanke su ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska.

Baƙin itatuwa

Ba a ce baƙon itace ba shi da amfani ba. Darbejiya, wadda asalinta Indiya da Bama ne, an shigo da ita Borno a 1928, kuma ba don ita ba da garuruwan arewa da yawa ba su da inuwa. Amma tana son ƙasa mai zurfi, inuwarta na hana na ƙasa da ita tashi, tsuntsaye da jemagu kuma suna baza irinta ko'ina. Dogaro da iri ɗaya ma hatsari ne. A shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya yi wa darbejiya ɓarna a kewayen Tafkin Chadi, a farkon shekarun 1990 kuma aka ga tana ta bushewa a sassan Nijar da arewacin Nijeriya. Garin da ba shi da wata inuwa sai tata ya ji a jikinsa.

Turare, ɗan asalin Ostareliya, mai saurin girma ne amma mashayin ruwa ne. Binciken da aka yi a shekarun 1990 a kan jerin itatuwan kare iska na Yambawa, kusa da Dambatta, ya nuna saiwoyinsa na kutsawa cikin gonakin gefe suna raba ruwa da gero, da aka haƙa rami aka datse su kuwa sai amfanin geron ya ƙaru. Itace mai irin wannan hali ba shi da wurin zama kusa da tsattsafin gindin dutse.

Masu lambunan da suka yi suna a duniya sun daɗe da gane darajar na gida. Lambun Kirstenbosch da ke gangaren Dutsen Tebur a birnin Kef na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1913, an keɓe shi ne don tsirran ƙasar, kuma ɗan ƙaramin yanki kawai ake nomawa, sauran dutsen an bar shi da dajinsa ana tsaronsa. Wannan tsari, wato a gyara kaɗan a tsare mai yawa, shi ya fi dacewa da duwatsun Kazaure.

Yadda ake tsara lambun

Makarantar da ke da dutse ko tudu a kusa, bayan ta sami izinin masu ƙasa da mai unguwa, aikinta na farko ba dashe ba ne. Tsaro ne. Shingen dashi ko na aguwa, waɗanda ake dasa rassansu a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, zai hana awaki, a kuma share ciyawa a kewaye bayan damina saboda wuta. Dalilin fara wa da wannan shi ne, yawancin itatuwan da aka sare ba su mutu ba, kututturensu da saiwarsu na nan da rai, kowace shekara suna tohowa dabbobi na cinyewa. A kan wannan ne aka gina aikin da ya fara a Maradi a 1983, wanda Tony Rinaudo ya yi tare da manoma, aka san shi da sassabin zamani: a zaɓi toho biyu ko uku mafiya ƙarfi a kan kututture, a yanke sauran, a bar su su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a gonakin da suka kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Tohon da ke kan tsohuwar saiwa ya fi dashen leda saurin girma, domin shi rijiyarsa a haƙe take.

Aiki na biyu shi ne tsayar da ruwa, kuma yana bukatar a gano layin da kowane wuri a kansa tsayinsa ɗaya ne. Ana yin haka da ma'auni mai siffar harafin A. A sami sanduna biyu masu tsawon mita biyu, a ɗaure kawunansu, a gicciya ta uku a tsakiya, a rataya igiya daga sama da ɗan dutse a ƙarshenta. A tsayar da shi a ƙasa, a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar gicciye, sa'an nan a musanya wuraren ƙafafun biyu a sake yin alama. Tsakiyar alamomin nan ita ce shaidar daidaito. Daga nan sai a riƙa juya ma'aunin ƙafa bayan ƙafa a gicciyen gangare, ana kafa turke duk inda igiya ta faɗa a kan shaidar.

A kan wannan layi ake jera duwatsu, manya a ƙasa cikin ɗan rami, ƙanana a cike tsakani, tsayin kamar kamu ɗaya bai cika ba. Ba a so jerin ya toshe ruwa, so ake ya rage masa gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. A bayansa a dasa gamba ko jema. Tazarar jeri da jeri ta danganta da tsananin gangare, kuma ƙa'ida mai sauƙi ita ce a sa sabon jeri duk inda ƙasa ta sauka da mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gangaren da ke sauka mita 1 a cikin kowace mita 10, wato kashi 10 cikin 100, jerinsa zai kasance mita 10 zuwa 15 tsakani. Mai kashi 25 cikin 100 kuwa mita 4 zuwa 6 ne.

Kowane dashe kuma a yi masa gurbi mai siffar rabin wata, bakinsa na kallon sama, a tara ƙasar da aka haƙo ta ɓangaren ƙasa a danne da duwatsu. A koma ga lissafin baya: in akwai fa mai murabba'in mita 10 a saman gurbin, ruwan milimita 20 zai zubo masa lita 200, ko rabi ne ya iso dashen ya sha lita 100 a dare ɗaya. Fan da ake ganin ba shi da amfani ya zama rufin da ke tara wa itace ruwa. Da irin waɗannan ramuka da jerin duwatsu aka farfaɗo da tsaunukan Keita a ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, a aikin da aka soma a 1984 da taimakon Italiya, wanda mata ne suka yi mafi yawan aikin ƙarfinsa, a wurin da ruwansa bai kai na Kazaure ba.

Sauran abubuwan ƙawa ba su da wuya. Hanyar hawa kada ta miƙe sak, domin miƙaƙƙiyar hanya a kan gangare kwata ce da ke jiran damina. A karkata ta tana kai da komo, a sa matakalar dutse inda ta yi tsaye. Manyan duwatsu a bar su inda suke, su ne adon wurin, kuma inuwarsu na riƙe laima. Wurin zama a sa shi ƙarƙashin kawuri ko gamji, ta inda ido zai kai ga gari ko ga ruwan dam. Kowane itace a rataya masa allo da sunansa na Hausa da na Fulfulde da na kimiyya, tsofaffin unguwa da makiyaya kuwa su ne za su fi kowa taimakawa wajen sunayen biyu na farko.

Game da iri, ararrabi da dashi da kariya da minjiriya da ceɗiya duk suna kamawa daga reshe. Irin kuka da tsamiya da bagaruwa da marga ɓawonsa tauri gare shi, sai an ɗan kankare gefensa ko an zuba masa ruwan zafi an bar shi ya kwana kafin a shuka a leda, wata uku ko huɗu kafin damina. A fitar da dashe a watan Yuli, da zarar ruwa ya zauna, don ya sami aƙalla wata biyu yana kafa saiwa. Dashen ƙarshen Agusta, kome girman bikin da aka yi masa, ya makara. Ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma, da na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 kuma Jigawa na cikin jihohin da ya ratsa, su ne wuraren farko da za a nemi iri da shawara.

Aikin aji

Malamin kimiyyar noma ko na labarin ƙasa zai iya raba aji gida uku, kashi ɗaya a ƙololuwa, ɗaya a gangare, ɗaya a gindi. Kowane kashi ya auna fili mai mita 10 a tsaye da 10 a kwance, ya ƙidaya itatuwan ciki da sunayensu, har da kututturen da aka sare, ya kuma soka sandar ƙarfe a wurare biyar don auna zurfin ƙasa. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a filin makaranta don auna ruwan sama da rula bayan kowane ruwa. A bayan jerin duwatsu guda a kafa turke mai alamar santimita, a duba a watan Oktoba a ga kaurin ƙasar da ta taru.

Dashen kuma a raba shi biyu, rabi a cikin rabin wata, rabi a rami na yau da kullum, iri ɗaya, rana ɗaya. A ƙidaya masu rai a ƙarshen Satumba, a sake a Janairu, a sake a ƙarshen Mayu kafin ruwan farko. A rubuta alkaluman a littafi guda da zai zauna a ofishin shugaban makaranta, domin ajin da ke tafe ya ɗora nasa a shafi na gaba.